Na-Sani da Injin Miƙe Yatsa

Ranar da Na-Sani kafinta ya yanke shawarar ya gama da harkar kujeru da tagogi, zai koma miƙe wa mutane yatsun ƙafa, ba wanda ya ba shi shawara. Yayarsa kawai ya hango tsaye a gaban Baduku mai gyaran takalma, riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, tana zazzaga masifa.

Mutanen layin ne suka laƙaba masa wannan suna, don ba a taɓa kai masa magana ƙarshe ba. Kana cewa, "Ka ji an ce..." zai tare ka da "Na sani." Ko cewa za ka yi wandonsa ya yage ta baya, ya riga ya sani. Furfura ta fara fito masa, amma har yau bai taɓa yin kujerar da ƙafafunta huɗu suka taɓa ƙasa lokaci guda ba. Rani da damina yana cikin wasu manyan takalman but baƙaƙe irin na sojoji, ɗaure tamau har ƙauri. Ya ce na masu aikin injiniya ne.

Ita kuwa yayar tasa, kowa a layin Yaya yake ce mata. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar mijinta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Da rumfar robobi, bokitai da bahuna da kofuna, ta rene 'ya'yanta. In ka taya mata baho tayin raini, za ta ba ka tarihin bahon har sai ka ba shi haƙuri. To, autarta ta gama makarantar nas a wani gari, saura kwana takwas a ba su takardar shaida, kuma an ce za a kira iyaye su hau dandamali su tsaya kusa da 'ya'yansu. Auta ta aiko mata da takalmi sau-ciki, baƙi wuluk, mai ƙyalli, da ɗan ƙarfe mai ruwan zinare a sama. Ta yi waya ta ce, "Inna, da shi nake so ki hau. Ya yi miki daidai?"

Yaya ta ce, "Kamar a ƙafata aka ƙera shi."

Ƙarya take. Ƙafar hagu ta shiga, da ɗan turi. Ta dama ko rabi ba ta kai ba. A gindin babban yatsanta ƙashi ya turo waje ya yi ƙullutu kamar albasa, yatsan kuma ya kwanta ya hau kan ɗan'uwansa. Gado ne, haka ƙafar uwarsu take. Shekara uku abin yana girma, kuma duk zuwan Auta hutu sai Yaya ta sa safa ta saki zani har ƙasa. Ba ta son yarinya tana karatu tana tunanin ƙafar uwarta.

Baduku ya juya takalmin, ya dubi ƙafar, ya ce, "Yaya, abu mai sauƙi. In yanka nan, in buɗe wa albasar taga, in rufe da fata mai laushi. Ba za ki ji komai ba."

"Ka yanka me?"

"Nan kawai, gefen..."

"Takalmin da 'yata ta aiko min? Sabo fil, ko ƙasa bai taɓa ba, ka sa masa wuƙa? Kai Baduku, na ɗauka kana da hankali! Ba ni abina."

"To ai ƙashi ne, Yaya. Ƙashi ba ya komawa don an yi masa faɗa."

A nan ne Na-Sani ya tsallako titi, fensir a bayan kunne, tef ɗin awo na reto a wuya.

"Ka ji matsalar ƙananan ma'aikata," in ji shi. "Shi yana ɓata takalmi don ya dace da ƙafa. Ni ƙafar zan gyara ta dace da takalmi. Yaya, katako nawa kika ga na miƙar a rayuwata?"

"Ban ga ko ɗaya ba."

"Don ba kya zuwa shagona ne. Yatsa nawa yake? Ni ma na gaji albasar Innarmu, kin manta? Da hannuna na miƙar da abina." Ya buga but ɗinsa a ƙasa, ƙura ta tashi. "Yanzu kamar fensir yake. Kwana bakwai ki ba ni. Ba wuƙa, ba allura, ba asibiti."

Yaya ta san ƙanenta tun yana tsumma. Amma kalmar nan ta "ba wuƙa" ta shige ta. Ta harari Baduku, ta mayar da takalmin cikin kwalinsa, ta bi Na-Sani. Baduku ya ci gaba da ɗinkin silifar da ke cinyarsa.

Kafin la'asar an kafa allo a ƙofar shagon kafinta, fenti na tsiyaya: ANA MIƘE YATSU A NAN.

Washegari da hantsi aka fara aiki. Na-Sani ya ɗauko baho daga rumfar Yaya, ba tare da ya tambaya ba, ya cika shi da ruwan zafi.

"In katako ya karkace, abu uku muke yi," ya ce, yana ɗaga murya don Tela da Mai walda da ke maƙwabtaka su ji. "Mu jiƙa shi, mu ɗaure shi jikin miƙaƙƙe, mu shanya a rana. Sa ƙafa."

Ta tsoma, ta fizgo da ihu. "Kai! Wannan ruwan fige kaza ne!"

"Na sani. Haka ake so."

"Haka wa yake so? Kazar?"

Aka surka. Da ƙafar ta jiƙu ta yi fari, sai ya cusa ɗan guntun katako tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ya kawo filanki mai tsawon kamu biyu ya shimfiɗa a gefen ƙafar, ya naɗe da robar tsohuwar tayar keke. Ya zaunar da ita a benci a tsakiyar rana, ƙafa a miƙe.

"Har yaushe?"

"Har ta bushe."

Yaya ta zauna tana kallon rumfarta daga nesa. Tana ji tana gani wata mata ta tsaya, ta ɗaga bokiti, ta duba gindinsa, ta waiga ba kowa, ta ajiye za ta wuce. Ai Yaya ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta nufi titi, filanki na dukan ƙasa, fat, fat, fat.

Tela ya leƙo ta taga. "Yaya, kwale-kwale kika saya? Ina ɗaya ƙafar?"

"Ɗinka abin da ke gabanka, mai gajeren hannun riga!"

Ta isa rumfa, ta juya za ta gaida matar, filanki ya share gindin bokitan da aka jera har sama. Suka zube gaba ɗaya, suka gangara titi, ja da kore da shuɗi. Wani mai babur ya kauce wa biyu, na uku ya shige masa ƙafa, ya tafi da shi yana zagi. Ta sake juyowa don ta ga inda ya nufa, filanki ya daki matar a idon sawu. Matar ta tafi tana ɗingishi ba ta sayi komai ba.

Da aka kwance robar da yamma, yatsa na nan kwance inda yake, sai dai ya samu bororo biyu.

"Alhamdulillahi," in ji Na-Sani. "Ya fara jin magana."

Kwana biyu ana wannan. Rana ta uku ya ce an wuce matakin shanya, an shiga matakin ja. Ya kwantar da Yaya a kan teburin aikinsa, cikin garin katako, ya ɗaura igiya a babban yatsan, ya wurga ta kan katakon rufi, ya rataya ƙaramin buhun ƙusoshi a ɗaya bakin. Buhu na lilo a daidai ƙofa, ƙafar Yaya ta ɗan ɗaga sama.

"Nauyi ne zai ja shi sannu a hankali. Haka turawa suke yi, sai dai su da lantarki."

"Ka taɓa zuwa can?"

"Ba sai na je ba."

Ya fita sayen fenti, wai zai ƙara wa allo rubutu. Yaya na kwance tana riƙe da bakin zaninta, tana kallon rufi, tana tuna ƙyallin takalmi don ta daure. Sai ga Mai walda ya shigo aron guduma. Ƙato ne, kuma idonsa bai gama washewa daga hasken walda ba. Goshinsa ya daki buhu. Ya ɗauka wani abu ne ya faɗo masa, ya cafke shi da hannu biyu ya ja ƙasa.

Ƙafar Yaya ta tashi sama kamar tuta.

"Wayyo! La'ilaha! Sake! Sake, ɗan nema!"

Ya saki. Ƙafa ta dawo, buhu ya yi sama ya daki katako ya fashe. Ƙusoshi suka zubo kamar ruwan sama. Tela ya rugo ba takalmi don ya ga abin da ya faru, ya taka uku, ya koma waje da ƙafa ɗaya yana kiran uwarsa. Matar mai kanti ta zo ta tsaya a ƙofa, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Na-Sani ya dawo da gwangwanin fenti, ya tarar da taro. Ya dubi buhu, ya dubi Mai walda da ke murza goshi, ya girgiza kai.

"Ka ɓata min awo. Saura kaɗan ya miƙe."

"Saura kaɗan ya cire, dai," in ji Yaya. "Kwance ni kafin in kwance maka haƙora."

Zuwa rana ta biyar ƙafar ta kumbura, albasa ta zama ja, ko silifa ba ta shiga sai an ja. Yaya ta zo shagon da niyyar ta ce ta fasa. Na-Sani ya tare ta.

"Na sani, na sani. Kumburi ne. Katako ma sai ya kumbura kafin ya miƙe. Zauna in auna ki ga ci gaba da idonki."

Ya durƙusa, ya ja tef, ya ɗora ƙarfen awon kusurwa, ya lumshe ido ɗaya, ya zana wani abu a bango. Sai ya miƙe yana tafa hannu.

"Jama'a ku zo ku gani! Ranar farko ga inda yake, yau ga inda yake! Ya dawo da rabin inci cif!"

Mutane suka matso. Yaya har ta fara murmushi. Tela, da ƙafarsa ke naɗe da ƙyalle, ya leƙa ta kan kafaɗar Na-Sani.

"Injiniya, wannan ai ta hagu ce."

Yaya ta dubi ƙasa. Lallai ƙafar hagu ce a hannunsa, wadda ba a taɓa ɗaura mata ko zare ba.

"Na sani," in ji Na-Sani, ko kunya babu. "Jijiyarsu ɗaya ce. In ka yi wa dama aiki, hagu ce ke fara amsawa."

A daidai nan wayar Yaya ta yi ƙara. Auta ce.

"Inna, kina ta gwada takalmin kuwa? Ki riƙa ɗan yawo da shi a ɗaki don ya saba."

"Kullum, 'yar nan. Har ba na son cirewa."

"Me nake ji kamar dariya?"

"Kawunki ne yake aiki."

Ta kashe wayar. Saura kwana uku. Ta hango Baduku can tsallaken titi yana wasa wuƙarsa a kan dutse, ta kau da kai da sauri. Na-Sani ya ga fuskarta, ya matso ya rage murya.

"Yaya, duk wannan share fage ne. Ina haɗa inji. Jibi da safe, a gaban kowa, murɗi uku, ki sa takalminki ki taka. In ban yi ba, ki canza min suna."

"Sunan da zan sa maka ba zai faɗu a gaban mutane ba."

Amma ba ta ce a'a ba.

Ana gobe taron makarantar Auta, tun da sassafe Na-Sani ya jera bencina a ƙofar shago. Ya bi layi-layi yana shela, har ya tara masu irin wannan ƙafa: wani tsohon ɗan sanda da ya yi shekaru talatin cikin matsattsen takalmi, da wata malamar makaranta, da kakar mai kanti da aka kawo a baro. Ga 'yan kallo kuwa har kan katanga. A tsakiya an lulluɓe wani abu da tsohon labule.

Yaya ta iso da kwalin takalmi a hammata, tana ɗingishi, fuska a ɗaure.

Na-Sani ya yaye labule. Ƙaton katako ne, an kafa masa ƙarfen nan da kafintoci ke matse katako da shi, mai baki biyu da hannun murɗawa. Ya shafa masa jan fenti, ya liƙa madubin babur a gefe.

"Madubin na mene ne?" in ji tsohon ɗan sanda.

"Don mara lafiya ya ga fuskarsa lokacin da yake samun sauƙi. Yaya, bismilla. Sa ƙafa a nan. Wannan bakin zai danna albasar ciki, wancan ya tare yatsan."

Yaya ta zagaya injin sau ɗaya, kamar yadda take zagaya kaya kafin ta saya. Ta ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa. Ta murɗa hannun kaɗan, ta ga yadda bakin ke haɗuwa.

"A'a."

"Yaya, mutane na kallo."

"Su kalla. Ni ko bokiti zan sayar, sai na zuba ruwa mai saye ya ga ba ya yoyo. Gwada min a kan wani abu tukuna."

Gumi ya ɗan tsatso wa Na-Sani. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan kwalin.

"To ai injin aiki biyu yake yi! Yana miƙe ƙafa, yana buɗa takalmi. Kawo na daman. In buɗa shi kaɗan, in miƙe ƙafar kaɗan, su haɗu a tsakiya."

"Ba wuƙa?"

"Wuƙa ta ƙananan ma'aikata ce." Ya faɗa yana kallon Baduku, wanda ya zo ya tsaya can baya, hannu a aljihu.

Yaya ta miƙa takalmin da hannu biyu kamar jariri. Na-Sani ya cusa masa guntayen katako biyu a ciki, ya saka wani siririn katako mai tsini a tsakaninsu, ya kafa shi a bakin inji, ya fara murɗawa. Tsinin na shiga, katakan na buɗewa, gefen takalmi na kumbura.

"Ɗaya!" ya ce. 'Yan kallo suka amsa, "Ɗaya!"

Daga baya Baduku ya ce, "Ya isa haka. Fatar nan ba ta..."

"Na sani. Biyu!"

"Ya isa, kai yaro," in ji Yaya.

"Na sani, Yaya. Uku!"

Ɓarrr.

Gefen takalmin ya tsage, tsawon yatsa, katako ya leƙo ta ciki. Kakar mai kanti da ba ta ji sosai ta ce daga cikin baro, "An gama? Ni ce ta gaba?"

Yaya ta zare takalmin daga inji. Ta dube shi, ta shafa tsagar da babban yatsanta na hannu. Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ne ya tsorata duk wanda ya san ta. Tela ya ja da baya. Ta mayar da takalmin cikin kwali, ta rufe, ta miƙa wa malamar makaranta ta riƙe mata. Sannan ta gyara ɗaurin zaninta.

"Aiki ɗaya mun gani," ta ce a hankali. "Saura na biyun. Sa ƙafarka."

"Wa? Ni? Ai ni na warke tuntuni."

"Shi ya sa. Ka ce taka kamar fensir take. In babu albasa, ƙarfen ba abin da zai samu ya danna. Ko ba haka ba, jama'a?"

"Haka ne!" in ji tsohon ɗan sanda. "Gaskiya ta faɗa."

"Ai... da but ne a ƙafata."

"Sa da but ɗin. Ba ka ce ƙarfinsa ya isa ba?"

Na-Sani ya dubi hagu, ya dubi dama, ko'ina mutane. Mai walda, da har yanzu goshinsa ke da ƙullutu, ya dafa masa kafaɗa da ƙauna, ya zaunar da shi a benci, ya ɗaga ƙafar damansa ya ajiye a bakin inji. Yaya ta tofa yawu a tafin hannu, ta kama hannun murɗawa.

"Ɗaya."

"Ɗaya!" in ji taro.

Na-Sani ya yi murmushi, haƙora duk a waje. "Kun gani? Ko a jikina."

"Biyu."

Murmushin ya tsaya a inda yake, amma idanu suka firfito. Gumi ya gangaro ta kan hancinsa. Tela ya gyara masa madubi. "Duba, Injiniya, ka ga sauƙi yana zuwa."

"Uku."

"Wayyo Inna! Wayyo albasata! Yaya ki yi wa Allah! Sassauta! Sassauta!"

"Wace albasa? Ba fensir ba ne?"

"Sassauta, na tuba!"

Yaya ba muguwa ba ce, ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ta juya hannun baya don ta sassauta. Sai dai injin Na-Sani ne ya haɗa shi. Hannun ya zare gaba ɗaya ya biyo ta, noti ya faɗi ya gangara cikin kwata. Ƙarfe ya riƙe but gam.

Nan fa wuri ya rikice. Mai walda ya ce bari ya kawo wuta ya yanke ƙarfen, Na-Sani ya ƙara ihu. Tsohon ɗan sanda ya kama shi ta hammata yana ja, Tela ya riƙe inji, benci ya kife da su duka. Wani ya ce a zuba mai, wani ya ce a kawo zarto. Na-Sani na ƙasa, ƙafa ɗaya a sama da ƙaton katako a maƙale, madubi na haska rana a idon mutane.

Baduku ya ratso taron ba gaggawa. Ya durƙusa, ya zaro wuƙarsa.

"Injiniya, ƙaramin ma'aikaci ya taɓa?"

"Taɓa! Yanka! Yanka duka!"

Ya yanke igiyar but ɗin, ya tsaga fatar daga ƙauri har yatsu, ya buɗe ta kamar kifi. Aka zaro ƙafar. Safa biyu ce a kai, da auduga, da guntun soso. Yaya da kanta ta warware su ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga ta. Albasar Yaya 'yar jaririya ce a gabanta. Wannan ta kai ƙwan agwagwa, ta yi jajir, babban yatsan kuma bai tsaya kan na biyu ba, ya haye har yana gaida na uku.

Tela ne ya fara. "Fensir! Jama'a ku zo ku ga fensir!"

Dariya ta fashe har kan katanga. Malamar makaranta ta zauna a ƙasa da kwali a ƙirji tana share hawaye. Tsohon ɗan sanda ya cire silifarsa, ya jera ƙafarsa kusa da ta Na-Sani, ya sara masa. "Ranka ya daɗe, kai ne babbanmu." Kakar mai kanti ta leƙo daga baro ta ce, "Wannan bawan Allah ya kamata a fara yi wa. Ni na haƙura."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta karɓi kwalinta, ta tsaya a gaban Baduku. Sau biyu tana buɗe baki tana rufewa. Roƙo bai taɓa yi mata sauƙi ba.

Baduku ya rage mata hanya. Ya ɗauki takalmin, ya duba tsagar, ya dubi ƙafarta.

"Inda zan yanka ke nan, Yaya. Sai dai ni da na yi shi a tsaftace. Matsalar ɗaya ce, ba ni da baƙar fata mai laushi sai jibi."

"Jibi an gama taro."

Ta sunkuyar da kai. Idonta ya sauka kan but ɗin da ke kwance a buɗe. Ta ɗauko shi, ta murza harshensa tsakanin yatsu. Shekara goma yana shan gumi da mai, ya yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Kuma baƙi ne.

"Wannan fa?"

"Wannan ta fi wadda zan sayo."

"Yaya, but ɗina ne!" in ji Na-Sani daga ƙasa. "Za a iya ɗinke shi!"

"Na sani," in ji Yaya. "Baduku, yanka. Ka yanko har na ɗayan, a yi wa ƙafar hagu ita ma, kada su bambanta."

Mai walda ya zauna a kan Na-Sani aka cire ɗaya but ɗin.

Baduku ya wanke fatar da sabulu sau uku, don Yaya ta tsaya a kansa tana shinshinawa. Ya gyara bakin tsagar, ya yanka ta hagu daidai da ita, ya ɗora fata ya bar mata ciki kamar ƙaramin aljihu, ya bi da ɗinki ƙanana-ƙanana, ya goge da baƙin mai. Ya ce ta je ta ɗora ƙafar a kan matashi, ta sa tsumma mai sanyi, kada ta bari kowa ya taɓa ta, musamman mai fensir a kunne.

Washegari a wurin taro, da aka kira sunan Auta, aka ce uwarta ta hau, Yaya ta miƙe. Matakala biyar ce. Ta taka su ɗaya-ɗaya, ƙwas, ƙwas, kai a sama, zani ta ɗage shi kaɗan don kowa ya ga ƙyalli. Albasa na zaune cikin aljihunta lafiya lau.

Bayan an sauko, Auta cikin fararen kaya ta rungume ta, sai ta ja baya, ta durƙusa. Ta latsa fatar gefen, ta latsa ƙullutun da ke ciki, ta ɗago.

"Inna! Tun yaushe? Wannan ai sai mun kai ki likitan ƙashi ya duba. Amma wa ya yi wannan facin? Abin da muke gaya wa mutane su yi ke nan."

Na-Sani na tsaye a baya cikin silifar aro, ƙafa naɗe da bandeji. Ya gyara murya.

"Ni na fitar da wurin yankan. Fatar ma tawa ce. Tun farko tsarin..."

"Kawu, me ya samu ƙafarka?"

"Katako ne ya faɗo."

"Zauna in gani."

"Na sa..."

"Zauna," in ji Yaya. Ya zauna.

Auta ta sake duban uwarta, tana ƙoƙarin ɗaure fuska. "Inna, amma kin ce min kamar a ƙafarki aka ƙera shi."

Yaya ta miƙa ƙafar dama gaba, ta juya ta hagu, ta juya ta dama, ɗan ƙarfen zinaren ya kama haske.

"To yanzu a ƙafar wa aka ƙera shi?"